Yatsan da Babanku Yake Auna Wuta da Shi

A sallar da ta wuce ina kishingiɗe a ɗaki na ji 'yar'uwarku Fanna a tsakar gida tana ba 'ya'yanta labarin kakansu, wai shi mutum ne da ba ya taɓa aiki sai da mita a hannu, wai tun yana saurayi yake ƙaunar awo. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Allah ya jiƙan Malam Kyari, ya sa Aljanna ce makomarsa, amma a duk Nguru ban san wanda ya raina mita kamarsa ba. Ku kun buɗe ido ne kun tarar da shi yana duba allura, shi ya sa. Sannan akwai maganar kawunku Adamu na Gashuwa, da kuke ji a bakin dangi cewa ya daɗe bai taka gidanmu ba, kowa da dalilin da yake kawowa. Zancen nan biyu tushensu ɗaya, kuma tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani, gara in rubuta muku da hannuna tun idona yana aiki.

Lokacin muna cikin jihar Borno, soja ke mulki, ba a daɗe da fita daga fari ba. Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa, shagon babanku kuwa zauren gidan ne. Da gyaran rediyo ya fara, amma abin da ya fito da sunansa caja ce. Ƙauyukan Machina da Yusufari ba su da lantarki, batirin mota shi ne wutarsu: da shi ake kunna kaset, da shi ake kallon talabijin a gidan mai hali, da shi lasifikar masallaci ke kiran salla. Duk wanda ya mallaki janareto a irin waɗannan garuruwa sai ya zo wurin Malam ya haɗa masa caja, ya koma yana cika wa mutane batir. Ranar kasuwa a-kori-kura kan tsaya a ƙofar gidanmu, ka ji ana gaisuwar Barbarci, "Wushe, Malam Kyari, wushe!" tun kafin a sauke kaya.

Da hannunsa yake haɗa komai. Akwai wani allo ɗan faifai da ake jera kayan a kai, a bayansa da layukan jan ƙarfe, ta nan wuta ke bi. Ya taɓa yi min bayani muna cin gyaɗa, ya ce wutar rediyo kamar ruwan buta ce, ko ta bakin ƙaramin rami ta wuce, amma wutar caja kamar kogin garinmu Gashuwa ce da damina, in hanya ta yi mata ƙunci ba ta tsayawa roƙo. Layi ya yi siriri, sai ya ɗauki zafi, allo ya ƙone, daga nan abin da ke kusa ya kama. 'Yar mitarsa ta gyaran rediyo ba ta iya ɗaukar irin wannan wuta. Ya gwada a farkon sana'arsa, ta yi hayaƙi a hannunsa, tun daga ranar ya yanke cewa mita kayan ado ce.

To ga yadda yake awonsa. In ya gama haɗa caja, sai ya jona mata batir wanda ya sauka sosai, irin mai jan wuta kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Ya bari ta yi aiki na ɗan lokaci. Sannan ya ɗora babban yatsansa na dama a kan layin da wuta ta fi bi, ya lumshe ido, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a natse. Ta wannan ɓangaren wutar ba ta fizgar mutum, zafi kawai take yi. In ya kai ƙarshe yatsa na nan, caja ta ci jarrabawa. In zafi ya sa ya ɗaga kafin nan, sai ya ƙara wa layin kauri da dalma da waya, ya sake. Haka ya koya wurin maigidansa a Kano, haka ya yi shekaru, kuma ban taɓa jin an dawo masa da aiki ba. Mutane ma sun ɗauka addu'a yake wa kayan, har wani liman daga Yusufari ya ce shi dalilin da ya sa yake saye a wurinsa ke nan. Malam bai gyara masa ba.

Yana da aboki a Gashuwa, Sunday, mutumin kudu, mai sayar da kayan gyaran lantarki a bakin kasuwa. Duk sanda ya zo Nguru sai ya ci tuwo a gidanmu, kuma duk sanda ya zo sai sun yi musu ɗaya. Sunday yana da wani guntun ƙarfe mai faɗi da noti a kowane baki, wanda ake ɗaurawa a hanyar wuta. Wutar duka ta bi ta cikin ƙarfen, mita kuma a gefe tana ɗanɗana kaɗan kawai, allura ta nuna yawan abin da ke wucewa. Da na ji bayanin ta bayan labule sai na tuna darasin da aka yi mana a sakandare, na ce a raina ai wannan ɗanɗanon miya ne, ba sai ka shanye tukunya za ka san gishiri ba.

"Malam, ka saya wannan abu," in ji Sunday. "Yatsa na cin tuwo ne, ba na aiki ba."

"Naka ne na cin tuwo, ga shi nan ka kusa tashin malmala ta biyu. Nawa Allah ya yi shi da lamba a ciki."

"Wata rana lamba zai goge."

"Ran da ta goge in zo in saya. Ƙara miya."

A shekarar da nake ba ku labari na fara lura da shi. Mace mai dafa wa mutum abinci ita ke fara ganin ciwonsa. Randar zaure da take kwana biyu sai ta koma ƙarewa kafin la'asar. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya je asibiti bayan na yi ta naci, aka ce ciwon suga ne, aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi shayi mai zaƙi, ya dawo yana cewa likitan yaro ne. Wannan duk bai tsorata ni ba kamar abin da na gani wata safiya. Na ɗora butar shayi a kan gawayi, ta tafasa har murfi na rawa, na juya neman tsumma. Kafin in juyo ya ɗauke ta da hannu, ya tsiyaya, ya ajiye, yana ci gaba da ba babban yayanku labarin jirgin da ya makara. Na kalli yatsunsa, na kalli fuskarsa. Babu abin da ya motsa a fuskar. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na yi ta salati.

Ba a jima ba aka dawo da wata caja daga Machina, allon ya yi baƙi ƙirin, mai ita ya ce da ba don makwabcinsa ya ji ƙauri ba da rumfarsa ta tafi. Malam ya ce mutumin ne ya jona mata batir fiye da ƙarfinta. Wata ta biyo baya, ya ce janareton ne ba shi da kyau. Ni kuwa na san abin da na gani, amma ta ina mace za ta fara gaya wa mijinta cewa abin da yake taƙama da shi ya bar shi? Na yi ta kai kukana wurin Allah a sujada, ina roƙon ya nuna masa da kansa, kada ya zama ta bakina.

Ana haka sai Yaya Adamu ya aiko. Ya bar aikin kamun kifi saboda ƙafarsa, yana so ya buɗe wurin cajin batir a zauren gidanmu na Gashuwa, yana son babbar caja mai ɗaukar batura da yawa lokaci guda. Ya riga ya gaya wa direbobin tasha, sun ce suna jira. Ku da kuka san gidan kun san ɗakin Inna, mahaifiyata, bango ɗaya ya raba shi da zauren, kuma rufin duka na azara da zana ne. Inna a lokacin ba ta iya tashi sai an kama ta.

Malam ya yi aikin da zuciya ɗaya, don yana ƙaunar Yaya. Ran da ya gama, da hantsi, ya fito da ita tsakar gida saboda zaure ba zai ɗauke ta da batura ba, ya jera batura, ya kunna. Ina tankaɗe a gindin dalbejiya, kakarku Ya Falmata, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gujiya. Ya ɗora yatsa, ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi. Tun bai kai rabi ba na ji wani ƙauri, irin na ƙafar saniya in ana babbaka. Na ɗaga kai ina neman abin da ya faɗa murhu. Murhu a kashe yake.

Ya buɗe ido yana murmushi.

"Alhamdu lillahi. Sanyi ƙalau. Gobe ta tafi Gashuwa."

Ban san sanda na tashi ba, da garin a hannuna. Na ɗora ɗan yatsana a inda ya ɗauke nasa. Ko bismilla ban ƙarasa ba na fizge, na sa shi a baki.

"Malam, juya hannunka ka gani."

"Me zan gani?"

"Don girman Allah, juya."

Ya juya. Fatar yatsan ta yi fari, layin ya fito a kanta raɗau kamar an zana. Ya tsaya yana kallonta kamar hannun wani aka miƙo masa. Na sha ganin babanku cikin fushi, na ga kukansa ran da mahaifinsa ya rasu, amma irin fuskar da ya yi a ranar ban taɓa gani ba. Sai ya dunƙule hannun ya tura aljihu.

"Fatar mace ce da ke, ko ruwan wanka ƙona ki yake. Koma kan tankaɗenki."

"Zan koma. Amma wannan ba za ta kwana kusa da Inna ba."

"Yau kuma ke za ki koya min aikina, Hadiza? A gaban uwata?"

Ya Falmata ba ta ɗaga kai daga gujiyarta ba. Ta ce, da Hausarta mai nauyin Barebari, "Ni ban ji komai ba. Hancina ne kawai ya ji."

Ya kashe caja, ya fita, bai dawo ba sai bayan azahar. Kafin ya dawo na kira matar makwabcinmu, muka ja cajar nan da ƙyar, don nauyinta ya kai buhun gero, muka tura ta ƙarƙashin gadona, na jera kwanukan aurena a gabanta. Na san babanku: zai iya faɗa da duk Nguru, amma ba zai durƙusa ya ture kwanukan mace ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a aurenmu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, shi ba haka yake ba. Sallama kawai, sai amsa gaisuwa a taƙaice. In na kai masa abinci sai ya ce ya ci a ɗakin Ya Falmata, alhali ni na dafa wanda ya ci a can ɗin ma, tsohuwar juye shi kawai take a kwanonta. Zaure ya yi tsit, babu ƙamshin dalma. Na riƙa leƙa shi ta labule in gan shi zaune yana taɓa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, bakin teburi, ƙarfen ƙofa da rana ta gasa, tulun ruwa, yana gwada kansa a ɓoye. Wallahi da ana ba da aron ji, da na cire nawa na ba shi. Yatsan ya kumbura, ya ƙi a duba, sai da uwarsa ta zaunar da shi kamar yaro ta wanke masa ta ɗaure.

Saƙon Yaya kuwa bai tsaya ba, duk direban da ya taso daga Gashuwa da tambaya yake zuwa. Sai na nemi izini na shiga mota da goyon Fanna, na tafi da kaina. A hanya nake ta tunanin abin da zan faɗa. In na ce hannun Malam ya daina ji, to Yaya ba mugu ba ne amma bakinsa ba ya riƙe magana, kafin mako tashar Gashuwa ta ji, daga nan Machina da Yusufari su ji, sana'ar da ke ciyar da ku ta mutu, mutumin kuma ya mutu a tsaye. Ƙarya kuwa ba zan yi ba. Na tarar da Yaya ya share zaure, ya kafa katakai, har ya sa an rubuta allo a ƙofa.

"Ina kayan?" ya ce, ko ruwa ban sha ba.

"Yaya, caja tana nan an gama. Ni na hana a kawo."

"Ke? A kan me?"

"Ba na son ta kusa da ɗakin Inna."

"Mijinki ya ce tana da matsala?"

"Bai ce ba."

"To ke injiniya ce? Don kin yi sakandare shi ke nan kin fi kowa? Ko dai ba ki so in samu abin yi ne, kin fi so in riƙa zuwa Nguru ina miƙa hannu?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan goshin Fanna. Inna daga ɗaki tana cewa, "Adamu, bar yarinyar nan ta huta mana," amma ya riga ya hau. Ya ce in gaya wa Malam ya riƙe kayansa, zai saya a Kano. Ya saya ɗin kuwa, ya kafa a tasha, ba a gida ba, don Inna ta ce tunda Hadiza ta tsorata ita ma ta tsorata. Tun daga nan ya ɗauke ƙafa. Da na haifi Bukar bai zo suna ba, kuma shi ne ya saba yanka min rago. Wannan ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, don shi ya goya ni, shi yake raka ni makaranta a kan keke. Sai a rashin lafiyar Inna ta ƙarshe muka shirya, a bakin gadonta. Har ya koma ga Allah bai san dalilin ba. Kada ku riƙe shi da komai. A kan abin da aka gaya masa ya yi hukunci.

Da na dawo Nguru idona a kumbure, Ya Falmata ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni, na gaya mata duka. Sai ta aika a kira ɗanta. Ina zaune ta yi masa magana da Barbarci, a hankali, ba ta ko nuna shi da yatsa ba. Ba duka na gane ba, amma na ji sunan Yaya, na ji nawa. Ta ƙarasa da Hausa don in ji.

"'Yar mutane ta je ta sayar da ɗan'uwanta ta sayo maka sutura. Kai kuma kana nan kana cin tuwonta a kwanona."

Washegari da sassafe ya sa hula ya fita tasha. Da la'asar sai ga shi da ƙunshi a takardar siminti: guntayen ƙarfen nan masu noti, da mitoci masu farar fuska. Daga baya Sunday ya gaya min cewa da ya ga Malam ya tsaya a bakin shago, shi Sunday har ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga ɗaurin yatsan, ya rufe bakinsa, ya shiga ciki ya ɗauko kayan. Allah ya saka wa Sunday da alheri, duk inda zuriyarsa take.

Malam ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya.

"Hadiza. In kwanukanki za su yi haƙuri, ina son kayana."

Muka jawo ta tare zuwa tsakar gida. Ya yanke hanyar wutar, ya ɗaura ƙarfen, ya jona mita da wayoyi biyu sirara, ya kunna. Allura ta tashi ta tsaya a kan wata lamba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya girgiza kai.

"Ta gaya min nawa ke wucewa. Ba ta gaya min nawa ne ya yi yawa ba. Wannan yatsa ne ya sani." Ya kashe cajar. "Ki wanke hannu ki zo."

Na wanke na zo na durƙusa kusa da shi. Ya ƙara wa layin kauri da waya da dalma, ya rage batura zuwa ɗaya, ya kunna, muka jira. Ya ce in ɗora yatsa in karanta yadda yake yi, kada in yi sauri. Na karanta har ƙarshe, ɗumi kawai. Ya ƙara batir, allura ta matsa gaba, muka jira, na sake karantawa. Haka muka yi ta yi, shi idonsa a kan allura, ni idona a rufe, Ya Falmata daga tabarma tana gyara min in na haɗiye harafi.

"Da kin ji ya ciji ki ki ɗaga," ya ce. "Kada ki yi min jarumta. Jarumta ce ta kawo mu nan."

A wani ƙarin, ina tsakiyar ƙafa ta biyu na ɗaga. Ya kashe nan take. Ya buɗe gilashin mitar, ya tsoma tsinken ashana a jan fenti, ya ja layi ɗan baya da inda allurar ta tsaya. Daga ranar duk cajar da ta fita daga zaurenmu da mita a goshinta take fita, da wannan jan layin, kuma yakan ce wa mai saye in allura ta taɓa ja ya cire batir ɗaya, ko da uban wa ke jira. Duk sanda ya canza kaurin layi ko girman allo, sai a kira ni daga madafa a sake awo. Ba a ƙara dawo masa da ƙonanniya ba.

Da muka gama a ranar, rana ta yi ja, an kusa kiran magariba. Ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi a gaban mahaifiyarsa ba. Tsohuwar ta tashi ta ce bari ta je ta yi alwala. Ya juya ɗan yatsana yana dubawa, ya shafa shi da nasa mai ɗauri, ya sake shafawa, na ga yana neman ya ji wani abu bai samu ba.

"Da zafi?"

"Kaɗan, Malam."

Ya hura masa iska kamar yadda yake yi muku in kun faɗi.

"To," ya ce. "Ki riƙa gaya min."

Na riƙa gaya masa kuwa, har ranar da aka rufe zauren.